Abin da ke Bayan Jeren Afiniki

Akwai wata mata a wani ƙauye a gindin dutse, sunanta Afiniki. Tana da miji, Irmiya, da 'ya ɗaya tak, Keziya, mai shekara uku. Yarinyar nan tana fama da tari da sarƙewar numfashi. Sau uku a damina ɗaya ana kwantar da ita a asibiti. A can sai ta warke, ta ci, ta yi wasa. Da an dawo da ita gida, kafin mako ya zagayo sai ƙirjin ya sake kamawa.

A kwanciya ta uku, wata nas dattijuwa ta ja Afiniki gefe ta ce, "'Yata, gobe da la'asar za mu sallame ku. Amma ina zaton abin da ke damun yarinyar nan yana cikin ɗakinku. Ki je ki wanke shi daga sama har ƙasa. Kada ki fesa maganin sauro, kada ki zuba ruwan magani mai ƙarfin wari, kada ki sa turaren wuta, ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Toka, kanwa, lemun tsami, sabulun salo da rana sun ishe ki."

Afiniki ta ji sanyi a ranta. Ashe akwai abin da hannunta zai iya yi. Washegari da sassafe ta bar yarinyar wurin mahaifinta, ta shiga motar farko zuwa gida. Ta tsaya a bakin kasuwa ta sayi lemun tsami cike da kwano, da kanwa, da soso biyu. Tafiya take kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

A ƙofar gida ta tarar da ƙanwar mijinta, Liyatu, ta riga ta ɗaura zane a ƙugu.

Liyatu ta ce, "Matar Yaya, wannan sauri fa? Gwamna ne zai sauka gidanmu?"

Afiniki ta yi murmushi ta ce, "Wadda ta fi shi ce. Ɗora mana ruwa a wuta."

Suka fara. Suka fitar da katifa suka jingina ta a rana, Liyatu tana dukanta da sanda tana cewa laifin Yaya take ramawa. Suka kwance labule da gidan sauro suka jiƙa da sabulun salo. Afiniki ta ɗaura tsintsiya a kan gora ta share yanar gizo daga rufi. Ta dirje tukwane da toka har gindinsu ya yi fari. Ta juye randa, ta wanke cikinta da soso, ta kife ta. Suka jiƙa kanwa a ruwan zafi suka wanke daɓe, suka bi tagogi da ɓawon lemun tsami. Liyatu ta tsinko ganyen darbejiya ta shimfiɗa a ƙarƙashin gado saboda ƙwari. Suna aiki suna rera waƙoƙin sujada, in ɗaya ta manta baiti ɗaya ta cika mata. Har maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko Kirsimeti ce ta zo da wuri.

To, a cikin ɗakin akwai kabad ɗin jeren Afiniki. Gwaggonta da ta rene ta ita ta jera mata shi da hannunta ranar da aka kawo ta: samiru a ƙasa, kwanuka masu fure a tsakiya, tangaran a sama. Shekara na zagayowa Gwaggo ta rasu. Tun daga nan Afiniki ba ta taɓa sauya wa ko murfi ɗaya wuri ba. Takan goge kowane kwano a inda yake, a hankali, ba ta ɗaga shi. Ran nan ma haka ta yi, har jeren yana ɗaukar ido.

Rana ta take tsaka, suka gama. Ɗakin sai ƙamshin lemu. Liyatu ta zauna a ƙasa ta jingina da gefen kabad don ta sha ruwa. Sai ta yi atishawa. Ta sake yi. Ta kai hancinta tsakanin kabad da bango, ta ɗago tana yamutsa fuska.

Ta ce, "Matar Yaya, zo ki shinshina nan. Mu sauke kwanukan nan mu ja kabad ɗin."

Afiniki ta ce, "Ai na goge shi."

"Kin goge masa fuska. Bayansa fa?"

"Liyatu, hannun Gwaggo ne. In na sauke, ba zan iya mayar da shi yadda ta yi ba."

Liyatu ta ce, "To bar shi. In Keziya ta sake kamawa, sai mu ɗauki samira mu kai wa nas, mu ce ta duba yadda take ƙyalli."

Afiniki ta sunkuyar da kai. Ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai idonta ya faɗa kan daɓe, inda 'yar katifar Keziya ta bar shaida. A gindin kabad ɗin take shimfiɗa mata kullum, kanta daidai wurin da Liyatu ta yi atishawa. Ita da kanta ta zaɓi wurin, don ta ga nan ne iska ba ta bugawa.

Ta miƙa hannu ta sauke tangaran na farko. Na biyu bai yi wuya kamar na farko ba. Kafin a jima tsakar gida ta cika da kwanuka. Suka kama kabad, ɗaya nan ɗaya can, suka ja.

Bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har ƙugun mutum. Katakon bayan kabad ya ruɓe, yatsa yana shiga. Ashe indararon da ke bayan ɗakin ya tsage, duk ruwan da aka yi yana bin bango yana tsatsowa ciki, kabad ya rufe, ba wanda ya gani.

Liyatu ta riƙe baki. Afiniki kuwa sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Ga shi nan. Mun kama shi. Kawo ruwan kanwa, mai zafi."

Suka ɗaure hanci da ɗankwali. Suka kankare bangon, suka wanke, suka matse sauran lemun gaba ɗaya suka dirje, suka buɗe taga da ƙofa. Suka ɓalle ruɓaɓɓen katakon suka kai shi bayan gida, kabad kuma suka shanya shi a rana. Sannan suka zauna wankin kwanuka, ciki da waje. Da Afiniki ta buɗe babbar samira ta can ƙasa, wadda ba a taɓa buɗewa ba, sai ga wani ɗan ƙaramin kwano a ciki, mai shuɗin baki, da ɗan cokalinsa. Kwanon yaro ne. Gwaggo ta ajiye shi tun ba a san za a haifi kowa ba.

Da la'asar Irmiya ya shigo ɗauke da Keziya a kafaɗa. Ya ga kaya ko'ina ya ce, "Ƙaura muke yi ba a gaya mini ba?"

Liyatu ta ce, "Ajiye ta ka hau rufi, Yaya. Indararonka ne ya kwantar da 'yarka."

Ya gyara shi kafin rana ta faɗi. Keziya ta zauna a ɗakin kakarta, uwar Irmiya, har bango ya bushe. Damina ta ƙare, wata ta zo ta wuce, ba a sake kai ta asibiti ba. Afiniki ta sake jera kayanta. Jeren bai fito kamar na Gwaggo ba, ta kuwa bar tazarar hannu tsakanin kabad da bango.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ɗakin nan zuciyarmu ce. Da yawanmu muna shara, ba ƙazamai ba ne mu. Muna zuwa sujada, muna waƙa, muna gaishe da marasa lafiya, kowa ya leƙo ya yaba. Amma kowannenmu yana da kabad ɗinsa da ba ya so a taɓa. Sau da yawa kabad ɗin ba mugun abu ba ne: mutuncin gidanmu ne, ko sunanmu a ikkilisiya, ko "haka muka taso muka gani." A bayansa ne fushin da muka riƙe yake, da gabar da muke yi da 'yar'uwa, da ƙaryar da ba mu tuba ba. Wanda ke shaƙar warin kuwa ba baƙo ba ne, wanda ya fi kusa da mu ne.

Toka da lemun tsami abubuwa ne da ke kowane gida. Haka Ubangiji bai nemi abu mai wuyar samu daga gare mu ba: addu'a, faɗin gaskiya, da "ka yafe mini." Liyatu ita ce ɗan'uwan da Allah yake aikowa ya faɗa mana abin da ba mu so mu ji. Kada mu kore shi don bakinsa yana da kaifi.

Afiniki ta ji tsoron za ta rasa hannun Gwaggo in ta sauke jeren. Shekara huɗu kyautar Gwaggo tana rufe a cikin samira, sai ranar da ta yarda ta sauke ta same ta. A makon nan, kowa ya je ya ja nasa kabad ɗin. Keziya dai har yau a ɗan kwanon nan mai shuɗin baki take cin tuwonta.