Ramuwar Halliru Mai Taliya

Akwai wani mutum mai suna Halliru, ɗan Fagge a Kano, da ya daɗe yana zaune a Dubai. Shi da matarsa Ummulkhair suna da ɗan shagon karin kumallo a unguwar Muraqqabat, ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga.

Abu ɗaya ya sa aka san shagon, taliya 'yar murji. Ummulkhair ke kwaɓa fulawar da hannunta, ta murza a inji, ta shanya a kicin ɗin baya. Da safe a dafa ta da wake, a zuba manja da soyayyar albasa, a barbaɗa yajin da ake aiko musu daga gida. Mai so a ɗora masa ƙwai, mai so kifi.

'Yan kasuwar Kwari ta Kano da suka zo sarin yadi da abaya, daga sallar asuba can suke nufa. Sai mutum ya ci ya kora da shayi, sannan ya tuna yana da kaya a wurin masu kago, masu jigilar kaya zuwa gida.

Ana nan sai Ɗalhatu, ɗan ƙanin mahaifin Halliru, ya matsa da waya yana so ya zo. Halliru ya yi masa biza, ya sauke shi a gidansa, ya tsayar da shi a shago. Ummulkhair ba ta ɓoye masa komai ba, har yadda ake gane kwaɓi ya yi daidai ta nuna masa.

Da Ɗalhatu ya san gari, ya kuma san masu zuwa cin abinci ɗaya bayan ɗaya, sai ya samu wani mai kuɗi ya tsaya masa. Wata safiya Halliru ya zo buɗe shago, ya ga ana kafa allo a tsallaken titi. Taliya 'yar murji, da sunan Ɗalhatu a ƙasa.

Abin ya yi masa zafi, amma ya haɗiye. Ya ce kowa da rabonsa.

Ba a jima ba, wata safiya shago cike da mutane, sai ga masu duba tsaftar abinci. An kai musu ƙara cewa akwai kyankyasai a cikin fulawar. Suka bincike kicin, suka buɗe buhuna, ba su ga komai ba, suka tafi.

Amma wani ya ɗauki bidiyon shigarsu. Kafin azahar ya zagaye wayoyin 'yan kasuwa, haɗe da muryar Ɗalhatu yana cewa, "Ni da na zauna a kicin ɗin na san abin da na gani. Shi ya sa na bar wurin. Ku dai kula da cikinku."

Halliru ya tsallaka titi ya shiga shagon Ɗalhatu.

"Ɗalhatu, ni za ka yi wa haka? A gidana ka kwana, a kwanona ka ci."

Ɗalhatu ko ɗagowa bai yi ba, yana zuba wa wani manja. "Yaya, nan Dubai ce, ba Fagge ba. Kowa ta kansa yake yi. Halas, magana ta ƙare, ka yi haƙuri."

Daga ranar kujerun Halliru suka zama wayam. Mutanen da ya saba gaisawa da su sai su sunkuyar da kai su shige tsallake. Ummulkhair kan dafa tukunya guda, a ƙarshe a raba wa masu sharar titi. Wata rana ya leƙa kicin ya tarar da ita zaune a gaban inji tana share hawaye da bakin mayafi.

A nan ya rantse sai ya rama.

"Malam, ka bar shi da Allah," in ji ta. "Gaskiya za ta fito."

"Yaushe? Bayan an karɓe shagon? Wallahi yadda ya sa ki kuka, sai na ga nasa hawayen da idona."

Halliru ya daina kula da nasa shagon, ya koma kallon na Ɗalhatu. Ya zauna a bakin ƙofa da kofin shayi har ya huce a hannunsa. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi. Ko a masallaci ya ga ƙeyar Ɗalhatu a sahun gaba, sai ya rasa abin da liman yake karantawa.

Cikin wannan kallon ya lura da wani abu. Shagon Ɗalhatu ƙarami ne, babu inda za a shanya taliya. Kullum da hantsi Ɗalhatu yakan shiga mota ya ɓace, ya dawo da manyan ledoji.

Wata rana Halliru ya tari tasi ya bi bayansa. Suka yi ta tafiya har unguwar International City, bayan babbar kasuwar 'yan Chana. Ɗalhatu ya shiga wani bene. Halliru ya ɗaga kai, ya hango taga a buɗe, igiyoyi a jere daga bango zuwa bango, taliya na reto a kansu.

A ɗakin kwana ake yin abincin sayarwa, ba lasisi, ba komai. Halliru ya san hukuncin wannan a ƙasar. Ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba.

Bai tambayi kansa wane ne a cikin ɗakin ba. Bai gaya wa matarsa ba. Ya koma gefe ya kira hukuma, ya faɗi bene, ya faɗi hawa, ya faɗi lokacin da ake aiki.

Kwana kaɗan labari ya iso Muraqqabat cewa an kai samame inda ake yi wa Ɗalhatu taliya, an kwashe inji da fulawa. Ɗalhatu ya koma dafa taliyar leda ta kanti. Masu ci suka ɗanɗana sau ɗaya, suka fara tsallakowa suna gaisuwa da 'yar kunya.

Halliru ya karɓe su hannu biyu. Yana zuba abinci yana leƙen shagon tsallake da ya zama kango, zuciyarsa fari ƙal.

Wata safiyar Juma'a, shago a cike, aka ji hayaniya a tsallake. Ɗalhatu ne ke korar wata mata daga ƙofarsa.

"Na ce ban san ki ba! Yalla, ki bar min nan kada ki jawo min!"

Matar ta tsallako tana tangaɗi, ta zauna a dakalin shagon Halliru. Dattijuwa ce, riƙe da jakar leda, zafin rana ya jiƙa mata mayafi da gumi. Ummulkhair ta fito ta kama hannunta, ta shigar da ita cikin sanyi, ta ajiye mata ruwa da farantin taliya.

"Baba, ci tukuna. Me ya haɗa ki da wancan?"

Sunanta Fulera, 'yar Zangon Kumasi ce a Gana. Kamfanin shara ne ya kawo ta, tana goge benaye da yamma. Albashin ba ya isa, ga marayun 'yarta uku da ta bari a gida, ɗaya ma mai ciwon sikila. Shi ya sa da Ɗalhatu ya kawo mata inji ya ce ta riƙa murza masa taliya da safe, ta karɓa da godiya.

"Da suka zo, ni kaɗai suka tarar," in ji ta cikin Hausarta ta Zango. "Aka kira shi, ya ce shi saye kawai yake yi, bai san inda nake yi ba. Kamfani suka ji, suka soke bizata. Jibi zan tafi. Na zo ne ya taimake ni ko da maganin yaron nan, kun ga abin da ya yi min."

Wani Alhaji ya ajiye cokalinsa yana salati. Halliru yana tsaye a bayan kantar shagon, ludayi a hannu.

Fulera ta share fuska. "Shi wannan na bar shi da halinsa. Amma wanda ya kai ƙarata, ban san shi ba, ban taɓa yi masa komai ba. Da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga tsohuwar da ke ciki, ya ce min in daina, wallahi da na daina."

Ta ɗaga hannuwanta sama, har yanzu da fulawa a ƙarƙashin faratanta.

"Allah, ban yafe ba. Yadda ya raba ni da abincin marayuna, Ka hana shi jin daɗin nasa. Jama'a ku taya ni da amin."

"Amin!" in ji shagon gaba ɗaya. Ummulkhair ma ta shafa, idonta ya kawo ruwa.

Fulera ta juyo wajen kanta. "Alhaji mai shago, kai da iyalinka kun ba ni abinci, bakinku mai albarka ne. Sa min naka amin."

Halliru ya buɗe baki. Harshensa ya ƙi motsi. Ya ajiye ludayin, ya shige kicin kamar wanda ya ji ƙauri.

Mutane suka haɗa mata abin da ya sawwaƙa, ta tafi tana sa albarka. Waɗanda suka ji labarin suka kai shi gaba, kuma daga ranar ba wanda ya sake taka shagon Ɗalhatu. Mai kuɗin da ya tsaya masa ya janye, aka sauke allon.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, bayan an watse za a tafi masallaci, Ummulkhair ta shiga kicin ta tarar da mijinta zaune a kan buhun fulawa, kansa a ƙasa.

"Malam, kowa ya ce amin ban da kai."

Ta matso kusa da shi.

"Kai ne ka kai ƙararta?"

Ya gyaɗa kai. "Don ke na yi. Don hawayenki."

"Don ni?" in ji ta. "Ni na ce ka bar shi da Allah. Yanzu ka sa na ɗaga hannu na ce amin a kan mijina."

Washegari Halliru ya tafi International City neman Fulera, da nufin ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Ya tarar da ɗakin a buɗe, wasu baƙi suna shigar da katifu. Maƙwabta suka ce kamfani ya kwashe ta tun da sassafe, kuma ba wanda ke da lambarta ta gida.

Har yau shagon Halliru yana cika, sai an jira kujera. Duk ɗan Gana da ya shigo, sai ya bar kanta ya zo ya tambaye shi ko ya san wata Fulera a Zangon Kumasi, mai jikoki uku. Har yau bai samu wanda ya san ta ba.

Darasi: An zalunci Halliru, wannan gaskiya ne. Amma da ya ɗauki ramuwa a hannunsa, fushi ya hana shi duba wanda zai faɗa a ciki, ya wayi gari shi ma azzalumi ne, da haƙƙin marayu a wuyansa. Idan an cuce ka, ka nemi haƙƙinka a fili ko ka bar wa Allah, kada ka yi a ɓoye da zuciya mai tafasa. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana riƙe da wani a ransa, wataƙila ya tsaya ya yi tunani kafin ya aikata.