Ƙwayar da ta kusa fasa auren Adawiyya

Akwai wata baiwar Allah a Dayi mai suna Hansai, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin titi. Shekara uku da rasuwar mijinta, ba ta da buri sai auren 'yarta Adawiyya da Aƙilu, wanda aka sa ranarsa bayan girbin masara.

Da Hansai ta haura shekara arba'in da biyar sai jikinta ya rikice. Al'ada ta ɓace wata uku, ta dawo ba ƙaƙƙautawa, ga wani zafi mai taso mata daga ƙirji, gumi sharkaf ko ana ruwa. Ta je asibiti a Malumfashi. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Gertrude, ta gwada jininta ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki, al'ada ce ke shirin ɗaukewa." Likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum.

Ashe irin ƙwayar da mata ke sha ce don tazarar haihuwa.

Maƙwabciyarta Ladiyo ta shigo aron rariya, ta hango katin ƙwayar a taga. Kai, bakin mutane! Kafin la'asar magana ta zaga gari: me bazawara take yi da maganin hana ɗaukar ciki?

Hansai ta sha kuka, kunya kuma ta hana ta yi wa kowa bayani.

Ran nan sai ga Hajiya Ummukulsum, mahaifiyar Aƙilu, fuska a murtuke. Ko ruwa ba ta taɓa ba ta ce, "Hansai, abin da nake ji ba daɗi. Mu dakata da maganar yaran nan."

Hansai na ɗaga ido sai ta ga Hajiya na fifita da gefen mayafi, gumi na tsiyaya, alhali garin a lumshe yake.

"Hajiya, daga ƙirji zafin nan yake taso miki?"

Hajiya ta yi turus. "Wa ya gaya miki? Shekara guda ina turare da jiƙe-jiƙe, na ɗauka sammu ne!"

Hansai ta cire kunya ta zayyana mata komai, har takardar likita ta nuna.

"Ikon Allah! To sammin biyu in gwada."

"A'a Hajiya, ba kowa ake ba ba. Sai an gwada ki."

Ranar Litinin suka tafi asibiti tare. Aka samu jinin Hajiya ya hau sosai, likita ya ce ƙwayar Hansai haɗari ce gare ta, ya ba ta wani magani daban.

Ranar biki Hajiya ta riƙo hannun Hansai a tsakiyar mata ta ce, "Wadda kuka ci namanta, ita ta hana ni shan abin da zai kwantar da ni. Mai sauran magana ta fito ta faɗa a gabana."

Ladiyo ta sunkuyar da kai.

Darasi: Magani ɗaya yana da aiki fiye da ɗaya, kada ka yanke wa mutum hukunci da abin da ka hango ta taga. Kuma maganin wani ba naka ba ne sai likita ya duba ka. Ku tura wa iyayenmu mata, wata na can tana fama a ɓoye.