Jarkar Manga da Idon Nasiru

Akwai wani kafinta da aka yi a Jalingo, Aƙilu, a shekarun da garin ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata sun cika gari, kowa yana neman gado da kujeru. Aƙilu ya samu kasuwa, kansa ya kumbura.

Shagonsa yana bayan Kasuwar Jalingo, jikin shagon wani kafinta mai suna Simeon. A hannun ubangida ɗaya suka koyi sana'a. Amma tun da wani babban ma'aikaci ya janye aikinsa daga Aƙilu ya kai wa Simeon, gaisuwa ta mutu a tsakaninsu.

Dukansu suna aiki da sipirit. Da shi ake narkar da maganin da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, masu fitilar gas ma suna sayen kaɗan don kunna ta. Na Aƙilu fari ne tas kamar ruwa, a durom yake saro shi daga Anacha.

Wata rana wani Manga, mai sayar da ogogoro, wato barasar da ake dafawa a gida, a bukka a gefen gari, ya zo da jarka neman sipirit. Ya fara shiga wurin Simeon, Simeon ya kore shi. Ya shiga wurin Aƙilu, aka cika masa.

Simeon ya leƙo. Rabon da ya yi wa maƙwabcin nasa magana an daɗe.

"Malam Aƙilu, Manga ba kujera yake gogewa ba. Cikin ogogoro zai zuba don ya yi yawa. Wannan abu yana kashe ido."

"Wa ya kira ka?"

"Mutane ne za su sha fa."

"Su sha mana! Ni na ɗura musu? Mashayi in ya mutu, gari ya huta. Kai dai baƙin ciki kake yi, ciniki ya wuce ka."

"Ni dai na gaya maka."

"Matsa mini daga ƙofa."

Jarkar Manga ta ci gaba da zuwa, ana cika ta.

To, Aƙilu yana da ɗan fari, Nasiru, direban motar haya tsakanin Jalingo da Sunkani. Bisa al'adar gidansu ta Fulani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya shiga ɗakinsa, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Wancan" kawai Aƙilu yake ce masa. Don haka bai san inda wancan ɗin yake tsayawa ba in ya ajiye mota. Abokan tasha sun riga sun koya masa hanyar bukkar Manga.

Wata Litinin Nasiru ya kasa fita aiki. Ga amai, ga ciwon kai, ciki yana murɗawa. Mahaifiyarsa Fanta ta tsaya daga bakin zaure ta ce, "Malam, wancan ba ya jin daɗi."

"Zazzaɓi ne. A dafa masa ganyen darbejiya."

Da hantsi sai ga Simeon a ƙofar gidan Aƙilu a unguwar Yelwa, yana haki. Maƙwabta suna zaune a kan benci tare da Aƙilu.

"Malam Aƙilu, ka zo gefe mu yi magana."

"Ni da kai ba mu da gefe. Faɗi a nan."

Simeon ya faɗa. "Tun safe ake kai mutane asibiti, duk waɗanda suka sha a wurin Manga jiya. Ɗaya ya mutu. Da ina dawowa daga coci na ga motar Nasiru a wurin. Ka kai shi yanzu-yanzu, ka gaya wa likita abin da ya sha."

Aƙilu ya dubi maƙwabta, ya ga duk sun sunkuyar da kai. Ya miƙe tsaye.

"Ɗan gidana kake kira mashayi? A ƙofata? Gidan nan ko warin giya bai taɓa shiga ba!"

"Ba zagi na kawo ba. Idon yaro nake gaya maka."

"Je ka bi naka 'ya'yan! In na sake ganin ƙafarka a layin nan, sai na karya ta."

Nasiru yana kwance yana jin komai. Kunya ta rufe masa baki.

Da la'asar ya ce yana ganin ɗaki kamar an cika shi da farin hayaƙi. Fanta ta aika masa da tozali. Aƙilu kuwa ya san gaskiya a ransa, domin shi ya san abin da yake zubawa a jarkar nan. Amma kai Nasiru asibiti a ranar daidai yake da ce wa unguwa Simeon bai yi ƙarya ba. Sai ya zauna a zaure yana jan carbi.

Washegari, rana tsaka, Nasiru ya tashi zai fita tsakar gida, ya yi karo da bango. Ya juya, ya sake karo da shi.

Fanta ta ajiye kunya. Ko izinin miji ba ta nema ba, ta yafa mayafi ta nufi kasuwa, ta tsaya a gaban shagon Simeon tana kuka. Simeon ya rufe shago. Ya tayar da akori-kurarsa, ya zo ya ciccibi Nasiru da hannunsa. Aƙilu ya hau baya ya zauna a kan ɓarɓashin katako.

Likita ya haska idon Nasiru, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo.

"Abin da ya sha sunansa metanol. Da can daga itace ake dafo shi, yanzu daga iskar gas ake yin sa a masana'anta, don fenti da aikin katako. Ba na cikin mutum ba ne. Ba ya nuna kansa nan take, sai hanta ta juya shi ya zama guba mai cin jijiyar ido. Me ya hana ku kawo shi jiya?"

Likita ya ƙara da cewa:

"Ransa za mu yi ƙoƙari a kai. Ido kam ya tafi."

Allah ya sa ran ya tsaya. Amma wanda ya saba riƙe sitiyari, yanzu ko kofin ruwa sai an ɗora masa hannu a kai.

Ranar da za a sallame shi, Simeon ya zo duba shi. Fanta tana naɗe tabarma, Aƙilu yana tsaye a bakin ƙofa.

Nasiru ya ce, "Baba Simeon, kai ne? Na ji takunka."

"Ni ne, yarona. Yaya jiki?"

"An ce an kama Manga. Ni abu ɗaya nake son sani. Shi ba kafinta ba, ba mai fenti ba. Wane marar imani ne yake sayar masa da abin nan?"

Hannun Fanta ya tsaya a kan tabarma. Simeon ya ɗago ya dubi Aƙilu ido cikin ido.

"Babanka yana tsaye a bakin ƙofa. Tambaye shi."

Ya sa hularsa ya fita.

Nasiru ya juya fuskarsa yana neman inda ƙofar take. Ya ce, "Baba?"

Darasi: Kada ka sayar da abin da ka san za a cutar da mutane da shi, kana cewa ai ba naka ne za su sha ba. Ba ka san inda naka yake zuwa ba. In maƙiyinka ya kawo maka gaskiya, ka karɓa, ka ci gaba da gabarka daga baya in ka ga dama. Wanda kuma ya sha abin da bai san haɗinsa ba, a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita ba ɓoye-ɓoye. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman masu sana'ar da ke ajiye sipirit.