Tsarabar Baba Ilu Daga Ƙofar Mata

Akwai wata baiwar Allah, Nana Hauwa, haifaffiyar zangon Kumasi, da ta zo Kano biki a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Zuwanta na farko ke nan garin mahaifinta.

Mahaifin nata, Baba Ilu, ya bar Kano tun yana saurayi, ya bi fataken goro bai sake komowa ba. Yanzu ga tsufa, ga ciwo, idonsa kuma ya tafi. Da za ta taho abu ɗaya ya roƙe ta: "Ki kawo mini tsarabar gida." Ta san da wuya ya ga wata tafiyar tata, don haka take tsoron ta koma da abin da ba zai shiga ransa ba.

Ana gobe za ta tafi ta shiga Kasuwar Kurmi, ta tsaya a rumfar wani baduku mai suna Gwadabe. Kun dai san mutanen Kurmi da baki, ko ana sanyi sai su sayar maka da mafici kana godiya. Nan da nan ya baje mata jakunkunan fata da takalma da matasan zama.

"Hajiya, dubi jar jakar nan. Wallahi Baba na gani zai yi murna."

"Ai Baba ba ya gani, Malam," in ji ta.

Gwadabe ya ajiye jakar. Kasuwa ta daɗe ba ta yi masa dariya ba, ga mai saye har ta ware kaya. Da ya ja bakinsa, da ciniki ya faɗa.

"Kafin ya bar Kano, mece ce sana'arsa?"

"Rini. Kullum zancensa Ƙofar Mata."

"To 'yata, tsarabarsa ba ta rumfata. Taso mu je."

Ya bar wa maƙwabcinsa jiran rumfa, ya sa ta a gaba cikin rana, suka ratsa lungunan da aka lulluɓe da hotunan 'yan takara har marina. Tun daga bakin ƙofa warin baban rini da toka ya daki hancinta, ta toshe da mayafi. Gwadabe ya yi dariya.

"Abin da kike gudu ɗin nan shi muka zo saye."

Ya yi wa wani marini, Malam Sabo, bayani. Aka ɗauko ƙyallen da aka tsamo da safe, ya bushe amma ba a ɗauraye ba. Suka naɗe shi a leda, suka ɗaure tam don kada warin ya fice a hanya. Ta so ta koma ta sayi ko da jaka ɗaya ce don kunya, Gwadabe ya ce ta bari, rana ta yi, ta gaishe masa da tsohon.

Da ta isa Kumasi ta tarar da Baba Ilu a kwance. Ta kwance ledar, ta ɗora masa ƙyallen a hannu. Ya shafa, ya kai hanci, sai ya tashi zaune ba wanda ya tallafe shi. Ya daɗe fuskarsa na cikin ƙyallen, da ya ɗago hawaye ya jiƙa gemunsa, hancinsa ya yi shuɗi.

"Yaran nan sun yi rowar toka," in ji shi. "A zamaninmu da an sha faɗa."

"To kawo in ajiye, Baba."

Ya ƙanƙame abinsa. "Taɓa ki gani. Kuma duk wanda ya sa masa ruwa, ni da shi ne."

Daɗi ya kama Nana Hauwa. Tsohon ya tambayi sunan wanda ya kai ta marina, ta faɗa masa. Daga ranar har ya koma ga Allah, ba ya shafa addu'a bai ambaci Gwadabe ba, mutumin da ko muryarsa bai taɓa ji ba.

Darasi: Kafin ka miƙa wa mutum abin da ke hannunka, tsaya ka tambayi abin da yake bukata, ko da amsar za ta kai shi ƙofar wani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a gida.