Kwaɗon da Ruwa Ke Ƙara wa Ƙarfi

An yi wata fadama a cikin wani wasan waya, irin wanda ake haɗa dabbobi faɗa. Dokar wurin ba ta da wuya. Kowace dabba tana da koren layi a saman kanta mai nuna sauran ƙarfinta. Ana kai hari ne bi da bi, wanda layinsa ya ƙare ya suma, an cinye shi ke nan.

A wannan fadama akwai wani kwaɗo mai suna Jatau, ƙarami ne amma bakinsa ya fi jikinsa. Baiwarsa guda ɗaya ce, fatarsa tana shanye ruwa. Idan aka fesa masa ruwa, maimakon layinsa ya ragu sai ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. In kuwa layin a cike yake, ruwan ya tafi a banza, bai ƙara masa komai ba, bai kuma taɓa shi ba.

To, yawancin 'yan faɗan fadamar da feshin ruwa suke taƙama. Su yi ta fesawa har su gaji, shi kuwa Jatau yana ɗan mintsininsu kaɗan-kaɗan har su faɗi. Ba wanda ya gane dalili, wasu ma cewa suke laya gare shi.

Tsohon Kunkuru, alƙalin wasa, ya sha ja masa kunne cewa ya koyi kaucewa, don ba kowane hari ne na ruwa ba. Jatau ya ce shi ba ya koyon gudu.

Rannan kai ya kumbura, ya aika wa Dorina Tabawa, gwanar feshin fadamar, cewa ta fito su kara. Tabawa ba mai yawan magana ba ce. Ta ce za ta fito, amma in ta ci, kududdufinsa ya zama nata. Nan fa matarsa da 'ya'yansa suke zaune, ba su da wani wurin. Jatau ko shawara bai yi da matar ba, ya ce ya yarda.

Aka taru. Tabawa ta fara da ɗan ture, layin Jatau ya ragu. Shi kuma ya mintsine ta. Sai ta ja numfashi ta sako masa ruwa kamar an fasa randa. Da ruwan ya lafa, ga Jatau yana sheƙi, layinsa ya koma cike. Ta sake fesawa, bai ko girgiza ba.

Tabawa ta rikice. Ta fara tunanin ko maganar layar nan gaskiya ce, har ta soma duban hanyar fita. Da Jatau ya yi shiru, da ya ci wasan. Amma ina, daɗin tafin 'yan kallo ya kwashe shi.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji shi, yana ɗaga murya don kowa ya ji. "Laya me? Ruwan naki nake sha! Duk feshin da kika yi, abinci kika ba ni."

"Ashe?" in ji Tabawa. "To turen da na yi maka da farko fa, shi ma ka sha?"



Da lokacin harinta ya zo, Tabawa ta rufe bakinta gam, ta ɗaga ƙafa ta taka shi. Rabin layinsa ya tafi. Tsoro ya kama shi, ya shiga tsokanarta ko za ta fusata ta fesa.

"Wai ke ce gwanar feshi? Bakinki ya bushe ne? Fesa mu gani in kin isa!"

"Ai na daina ciyar da baƙi," in ji ta.

Ya juya ga magiya, yana cewa ko ɗigo ɗaya ne ta taimaka. Ya waiwayi Kunkuru, Kunkuru ya ce shi alƙalanci ya zo yi. A lokacin Jatau ya so ya kauce, amma bai taɓa koya ba. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ƙafa ta sake saukowa, layi ya ƙare, Jatau ya miƙe a sume.

Da ya farfaɗo, Tabawa tana kwance a kududdufinsa, ta cika shi har baki. Matarsa tana tsaye a gefe da yara. Suka yi ta neman wurin zama, ba su samu ba sai wani ɗan rami da ruwan sama ya taru a ciki. Sai da suka shiga Jatau ya lura da siffar ramin. Sawun ƙafar Tabawa ne.

Darasin wannan labari shi ne, baiwa ɗaya ba ta tare kowace irin masifa, don haka wanda ya dogara da ita kaɗai ya ƙi koyon wani abu, ranar da aka zo masa ta wata hanya ba shi da mafita. Sannan baki shi ke yanka wuya, abin da ke rufa maka asiri ba abin shela ba ne a gaban abokin karawa.