Ɗayan da Ya Ƙi Ɓacewa

Akwai wani dattijo a birnin Daegu mai suna Man-sik. Sunan makarantar da suka yi ya ƙwace mini, ku yi haƙuri, kaina ya tsufa. Na dai riƙe cewa 'yan ajinsu kaɗan suka rage, kuma kowace safiya sukan tura wa juna hoton fure a waya.

Gefen kowane saƙo akwai 'yar lamba mai nuna waɗanda ba su buɗe ba. Kowa ya duba sai ta ragu.

'Yarsa Hye-ran ba ta gajiya da tsiya. "Baba, ku da furanninku! Kun cika waya da ciyawa."

Wata safiya lambar ta tsaya a kan ɗaya. Chun-bae ne bai buɗe ba, abokin zamansa a benci tun suna yara, wanda ke zaune shi kaɗai a ƙauye. Shi kuwa kullum shi ke fara amsawa da, "Ashe ba ka mutu ba, Kunnen Zomo?"

Man-sik ya kira, ba a ɗauka ba. Shinkafarsa ta huce a kwano.

"Caji ne ya ƙare, Baba. Ka ci abinci."

"Wanda ke kwana da waya a ƙirji? Ke dai yi shiru."

Ya kira sauran 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar ajinsu, Ok-ja ce ko wata, ta tuna cewa ƙanwar mijinta na aure a ƙauyen. Aka roƙi ƙanwar ta leƙa gidan Chun-bae.

Man-sik ya zauna ya zuba wa lambar ido, kamar kallo zai goge ta.

A bayan randunan kimchi, wato kabejin da suke ajiyewa ya yi tsami, aka sami Chun-bae kwance, ƙugu ya karye, muryarsa ta dushe don kira. Daga asibiti ya aiko da saƙo: "Ban mutu ba, Kunnen Zomo. Ina furena?"

Daga baya na tambayi Hye-ran da bakina. Ta ce yanzu ita ma kowace safiya tana tura wa babanta fure, kuma ba ta fita aiki sai ɗayan ya ɓace.

Darasi: Kada ka raina gaisuwar tsofaffi. Abin da kake gani surutu, da shi suke tabbatar da cewa kowa ya tashi lafiya. Ku tura saƙo ga wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.