Taurarin Gwangwani

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan makarantar Lahadi.

Ta zo mu ji ta, Baba!

Akwai wani mutum, mai gyaran bokiti da tukwane, a wani ƙauye da ba wutar lantarki. Duk Kirsimeti majami'arsu takan yi wasan haihuwar Yesu da magariba, amma da aci-balbal guda, ko fuskar mala'ika ba a gani.

Sai mutumin ya tara gwangwanayen tumatir, ya wanke, ya huhhuda su da ƙusa, ya sa wa kowane ƙwan tocila da batir, ya rataye su bisa dandamali. Da aka kunna, haske ya fita ta hujojin ya bazu a rufi, sai ka ce an buɗe sama. Ana gamawa ya kwance su ya zuba a buhu, baɗi a sake ratayewa.

Kowace shekara matarsa takan ce, "Baban Kezaya, ka cire batir kafin ka ɗaure buhun nan."

Shi kuwa ya ce, "Maman Kezaya, ke ce makanike ko ni?" Amma yakan cire.

Wata shekara aka yabe shi ƙwarai, har fasto ya tsai da shi gaban jama'a. Daɗi ya ɗauke shi, ya ɗaure buhu bai cire kome ba. Da damina ta wuce ya zazzage su, ya shafa musu fenti mai ruwan zinariya. Ya tuna da batir, amma ya ce, "Gobe."

A shekarar ce cutar yana ta soma rufe idanun matarsa. Fuskar mutum ta daina gani, sai haske kaɗai take ganewa. Ta ce masa, "Bana Kezaya ce Maryamu a wasan. Ita ba zan gan ta ba, amma in ga taurarin nan bisa kanta, ko sau ɗaya, kafin idon ya tafi."

Ranar ta zo. Ya zaunar da ita a bencin gaba, ya hau dandamali ya murɗa gwangwani na fari. Shiru. Na biyu ma haka. Ya buɗe, sai ga batir ya fashe, ya zubo farin gari, tsatsa ta cinye waya. Aka kawo sabon batir, a banza. Masu waƙa suka soma cikin duhu.

Ya dawo ya zauna kusa da ita. Ta ɗaga kai tana duban rufi.

"An kunna?"

Ya sunkuyar da kai.

"Suna da kyau bana? An ce ka yi musu fenti." Ta murza idanu, ta sake dubawa. Can ta ce a hankali, "Ashe idon ya tafi. Ban zaci zai yi sauri haka ba."

Kalma kaɗan ce, yarana: ba idonki ba ne, ni ne. Tana bakinsa, kunya ta danne ta. Ya ja hannunta har gida, tana ba shi haƙuri wai ta ɓata masa rana. Kafin wata Kirsimeti, idon ya tafi da gaske.

Ma'anar wannan misali ita ce: gwangwanin nan mu ne, abin banza da Ubangiji ya tsinta, ya wanke, ya sa haskensa a ciki. Tsohon batir shi ne abin da muka ɗaure a zuciya muna cewa gobe, ko fushi da ɗan'uwa, ko ƙaryar da ba mu tuba daga gare ta ba. Ba ya zama lafiya, ci yake yi. Fenti kuwa shi ne kayan Lahadi da kyakkyawar murya.

Amma ku riƙe matar nan. Akwai mai zaune kusa da kai yana neman haske a wurinka. In bai gani ba, ba zai ce fitilarka ta mutu ba, cewa zai yi Allah ya rufe masa ido. Ka buɗe gwangwaninka yau. In kuwa ka tarar ya ci, ka faɗa masa da bakinka tun yana iya gani.

Ƙurunƙus. Ku ɗauke ta ku kai gida.